Katifar daji mai hura kanta: wacce za a saya, kuma yaya za a yi ta daɗe?

Tambaya: Wani ɗalibi mai karatun ilimin duwatsu da ma'adinai a Gombe ya rubuto cewa a watan Janairu za a fita da su aikin fili wajajen Kaltungo, Tula da Dadin Kowa. Kwana a tanti ne, wani lokaci a ajin makarantar firamare, kuma kowa zai goya kayansa. Ya ga tallan katifar nan da ake cewa tana hura kanta a intanet, ya kuma ga irinta a wajen 'yan gwanjo. Yana son marar nauyi, amma an ce masa ba ta daɗewa. Wacce zai saya, kuma yaya zai kula da ita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba da sa'ar karatu.

Wanda ya ce maka ba ta daɗewa bai yi ƙarya ba, sai dai bai gaya maka abin da ke kashe ta ba. Na daɗe ina fita daji da masu aikin safiyo da baƙi 'yan yawon buɗe ido a nan Bauchi, katifun nan kuwa da yawa sun bi ta hannuna, sababbi da waɗanda aka kawo mini a mace. Kusan duk wadda na gani ta lalace, ɗayan biyu ne ya ci ta: ko ƙaya, ko zafin rana. Masu ƙera ta kuwa ba waɗannan ne a gabansu ba. Su damuwarsu sanyin ƙasa ne da nauyin kaya a bayan mai hawan dutse, shi ya sa tallan da ka gani ba ya wuce maganar giram nawa ce da irin sanyin da take tarewa. In ka bi tallan ka zaɓi wadda ta fi kowacce rashin nauyi, to ka zaɓi mai yadi shara-shara ke nan, ita kuwa ƙarangiyar Kaltungo ba ruwanta da kuɗin da ka kashe. Don haka ka nemi mai kaurin santimita 2.5 zuwa 3.8, mai yadin ƙasa 50D zuwa 75D, mai lambar R wajen 2 zuwa 3, nauyinta tsakanin giram 600 da 900, sannan ka haɗa ta da guntun tamfol na shimfiɗawa a ƙarƙashi. Bari in warware maka waɗannan lambobi.

Babu wani inji a cikin katifar. Soso ne mai buɗaɗɗun ƙofofi aka liƙa masa yadin da iska ba ta ratsawa, sama da ƙasa, aka liƙe gefunan, aka bar bawul guda a kusurwa. In ka naɗe ta ka matse soson, ka kore iskar da ke ciki, ka rufe bawul. In ka buɗe, soson yana neman komawa girmansa, sai ya zuƙo iska da kansa, kamar dai soson wanka da ka damƙe ka saki. Wasu injiniyoyi da suka yi aiki a kamfanin jiragen sama na Boeing, Jim Lea da Neil Anderson, tare da abokinsu John Burroughs, su ne suka fito da ita a birnin Siyatil na Amurka, suka kafa kamfanin Cascade Designs a 1972, suka sa mata suna Therm-a-Rest. Har yau tsarin bai canja ba, yadi da bawul ne kawai aka yi ta gyarawa. Abin da za ka riƙe shi ne rayuwarta ta rataya a kan abu uku: ƙarfin soson na tashi, liƙin da ke tsakanin soso da yadi, da rashin huda. Duk kulawar da zan faɗa maka, ɗayan ukun nan take karewa.

Akwai wata yaudara da ta cika kasuwar intanet. Za ka ga katifa an ce tana hura kanta, alhali babu soso a cikinta ko kaɗan, jakar iska ce zalla da aka saka wa ɗan famfo a wajen ƙafa, kana takawa tana cika. Gane ta ba wuya. In an ce kaurinta santimita 5 ko 6 ne amma a naɗe ba ta fi gorar ruwa ba, babu soso. Ba wai ba ta da amfani ba ne, tana da laushi kuma ba ta cin wuri a jaka, amma ranar da ƙaya ta same ta tsakar dare a kan ƙasa za ka wayi gari. Mai soso kuwa ko ta sace, soson na nan tsakaninka da ƙasa, za ka ji tauri amma za ka yi barci. A dajinmu wannan bambanci ya isa ya yanke hukunci.

Maganar kauri ta danganta da yadda kake kwanciya. Mai kwanciya rigingine santimita 2.5 ta ishe shi. Mai kwanciya a gefe, wanda ƙugu da kafaɗa ke ɗaukar duk nauyinsa, ya nemi 3.8, in ba haka ba zai tashi da ciwon kwankwaso. Daga santimita 5 zuwa sama nauyi sau da yawa yakan kai kilo guda ko ya haura, masu 7 zuwa 10 kuwa galibi na masu mota ne, wasu har kilo biyu uku, ba na wanda zai goya kaya ya hau tudun Tula da guduma da samfurin duwatsu ba. Girman da aka saba shi ne tsawon santimita 183 da faɗin 51. Faɗin nan ƙunci ne, in ka kwanta rigingine gwiwar hannunka a ƙasa za ta sauka, don haka mai faɗin kafaɗa ya duba mai faɗin 63 ko 64. Dogon mutum akwai mai tsawon 196. In kuma nauyi ne ya dame ka ƙwarai, maimakon ka rage kaurin yadi gara ka rage tsawo: akwai gajera mai wajen santimita 120 da ke ɗaukar kafaɗa zuwa gwiwa, ka sa jakarka a ƙarƙashin ƙafafu, rigunanka su zama matashi.

Lambar R ma'auni ne na yadda abu ke hana zafi wucewa ta cikinsa. Yawanci mutane sun ɗauka sanyin dare daga iska yake zuwa, sai su tara bargo a sama, alhali ƙasa ta fi iska saurin zuƙe ɗumin jiki, bargon da ka danne a ƙarƙashinka kuma ya matse, ba ya tare komai. Duk wanda ya taɓa kwana a kan daɓen siminti cikin hunturu ya san wannan a ƙashinsa. A Janairu, a Gombe da Bauchi, sanyin asuba kan sauko wajen digiri 15 ko ƙasa da haka, ya fi haka cizo a kan tudu da bakin ruwa, amma ƙasar ba ta daskarewa. R 2 zuwa 3 ta wadatar, har a Toro da ke maƙwabtaka da Jos. Mai R 4 zuwa sama ta masu kwana a kan ƙanƙara ce, kuɗi da nauyi kawai za ka ƙara. Tun 2020 manyan kamfanoni irin su Therm-a-Rest, Exped da Sea to Summit suke auna lambar da ma'auni guda mai suna ASTM F3340, saboda haka in ka ga an ambaci wannan a jikin kwali, za ka iya gwama lambar wani kamfani da ta wani. In ba a ambata ba, lambar ta bakin mai talla ce. Misali, ProLite ta Therm-a-Rest mai kaurin 2.5 tana da R 2.4, ProLite Plus mai 3.8 tana da 3.2. Ka ga daidai inda nake nufi ke nan. Ka kuma sani masu rage nauyi huhhuda soson suke yi, in ka ɗaga ta saitin rana za ka hango zanen ramukan. Yawan ramuka na rage nauyi, yana kuma rage tare sanyi da kaurin da zai saura in ta sace.

Yanzu ga inda nake so ka fi zuba ido: yadi. Lambar da ke gaban harafin D tana nuna kaurin zaren da aka saƙa yadin da shi, asalinta nauyin zare mai tsawon mita 9,000 ne a giram. 20D da 30D su ne na katifun da ake yi wa kirari da rashin nauyi. 50D matsakaici ne, 75D kuwa shi ne mai jure wahala. Bambancin nauyi tsakanin mai 30D da mai 75D bai taka kara ya karya ba in ka gwada shi da ruwan sha da duwatsun da za ka ɗauka, amma bambancin juriya babba ne. Wasu katifun suna da yadi biyu, na sama mai laushi, na ƙasa mai kauri, kuma galibi launinsu daban ne. Ka san wanne ne ƙasa, don na sha ganin mutum ya shimfiɗa tasa a kife yana mamakin yadda take hujewa. Ka duba kuma abin da aka shafe cikin yadin da shi. Nau'in robar da ake kira TPU ya fi, ba shi da nauyi kuma yana karɓar gyara. Masu araha sukan zo da PVC, za ka ji warin roba da nauyi, kuma yana yin tauri ya tsattsage in ya kwana biyu. Kada ka ɗauka 75D ya fi ƙarfin ƙayar aduwa. Babu yadin katifar da ya fi ta. Abin da yake yi shi ne ya jure gogar tsakuwa da ƙananan ƙayoyi, waɗanda su ne suka fi yawa.

Ta gwanjo fa? Ban hana ka ba. A Wunti ko Muda Lawal a nan Bauchi, ko cikin dilolin da ake kwancewa a kasuwar Gombe, akan dace da ta babban kamfani a kuɗin da bai kai na sabuwar marar suna ba, sau da yawa ma mai sayarwa bai san mece ce ba, ya ɗauka tabarmar motsa jiki ce. Amma kada ka biya sai ka gwada, kuma gwajin na son haƙuri. Warware ta a kan tebur ko tabarma, ka buɗe bawul, ka kara kunne. Mai rai za ka ji tana shan iska, siii, kana ganin gefunanta na tasowa a hankali. Ba ta minti goma zuwa sha biyar. Wadda ta daɗe a matse cikin dila za ta yi nawa, wannan ba laifi ba ne, amma wadda ta kwanta shame-shame ba motsi, sosonta ya mutu. Daga nan ka hura ta da baki har ta yi tauri, ka rufe, ka ninka ta biyu ka danna da gwiwa. Ka bi ta da ido da tafin hannu daga kai har ƙafa. In ka ga wani wuri ya kumbura ya yi tulluwa ya fi sauran, yadi ya rabu da soso a nan, ajiye ta ko kyauta ce, wannan ciwo ba ya warkewa, kullum ƙara faɗi yake. Shafa ɗan ruwa ko yawu a bakin bawul da kewayensa ka ga ko zai yi kumfa. Murɗa bawul ɗin ka ji ko yana kamawa ko zarensa ya cinye. Sannan ka matso iskar cikin zuwa hancinka. Warin rima ko na tsami alamar fumfuna ce a cikin soso, in kuma yadin yana danƙo a hannu, shafen ya fara ruɓewa. Ƙaramar huda ba ta bayyana a tsaye a kasuwa, don haka ka roƙi mai kaya, ka ce Alhaji a yi mini alfarma in kwana a kanta, in ta sace in dawo da ita gobe. In ya ƙi, ka taya ta a farashin mai huda.

Sabuwa ma ba ta tashi da kyau ranar farko, don ta yi watanni a matse tun daga masana'anta. Kada ka ce an cuce ka. Ka bar ta da bawul a buɗe na wasu sa'o'i, ka cika ta da baki, ka rufe ta kwana a haka, ka maimaita sau biyu ko uku kafin tafiya. Kuma ko ta saba, ba ta cika kanta tam, kullum sai ka ƙara mata numfashi kaɗan.

To, kun isa masauki. A nan ake yin ɓarnar, yawanci da magariba, mutum ya gaji, duhu ya fara, ya jefa katifa inda ya samu. Janairu lokacin ƙarangiya ne, ta bushe ta zube ko'ina, kuma abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne ba daga ƙasa take shiga katifa ba, kai ne kake kai ta. Tana maƙale a ƙafar wando, a safa, a igiyar takalmi, a gindin jakar da ka ajiye cikin ciyawa da rana. Ka shiga tanti ka zauna a kan katifa, ka danna mata ita da nauyinka. Saboda haka wandon aiki ba ya hawa katifa, a ƙofar tanti ake tuɓe shi, jaka ma a kakkaɓe ta a tsince ta kafin ta shiga. Tsidau kuwa ya fi ƙarangiya mugunta, yana kwance a ƙasa ba ka ganinsa, 'ya'yansa masu tauri ne, ko ta yaya suka faɗi akwai tsinin da ke kallon sama, shi ne mai sace tayar keke. Inuwa ma tana ruɗin mutane. Gawo da rani yake ganye, inuwarsa na kiran mai gajiya, amma ƙarƙashinsa ƙaya ce, haka aduwa, bagaruwa da magarya. Nemi gindin tsamiya, mangwaro ko dogon yaro. In a gonar da aka girbe ne, ka kiyayi tushiyar dawa da masara, an sare su a karkace, bakinsu kamar an fiƙe. Ka share wurin da tsintsiya ko reshe, ka haska tocila saboda kunama, sannan ka bi da tafin hannu. Abin da hannunka ya ji, katifa za ta ji. Bayan nan ka shimfiɗa tamfol, in babu ka farke buhun shinkafa biyu ka ɗinke su. Ko cikin tanti ne a sa tamfol ɗin a ƙarƙashin tantin. Ka duba kuma babu hanyar gara a wurin, don takan ci buhu cikin dare guda. A ajin makaranta kuwa abin dubawa shi ne ƙusoshin karyayyun benci da bakin fasasshen siminti.

Kada ka hura ta ta yi tauri kamar katako. Cika ta, ka kwanta a gefe, ka ɗan sassauta bawul iska na fita har ka ji ƙugunka ya kusa taɓa ƙasa amma bai taɓa ba, sai ka rufe. Nan ne daɗinta, nan ne kuma liƙinta ba ya wahala. Za ka lura in ka cika ta da la'asar, zuwa asuba ta yi laushi. Kafin ka ce ta huje, ka tuna iska na tsukewa in ta yi sanyi: daga digiri 33 zuwa 15 tana raguwa da kusan kashi 6 cikin 100, numfashin da ka hura kuma da ɗuminsa ya shiga. Maganinsa ka buɗe ta tun da wuri ta sha iska da kanta, ka bar ƙarin numfashin sai za ka kwanta. Mai huda daban take, ita har ƙasa take kai ka, kuma ko ka sake hurawa bayan sa'a biyu ta koma.

Wannan lissafi in ka juya shi, shi ne hanyar da rana ke kashe katifa. Kun tashi da asuba cikin sanyi, ana sauri a fita fili, ka bar ta a cike, bawul a rufe, ka zuge tanti. Zuwa azahar cikin rufaffen tanti ya zama tanda, iskar da aka kulle a digiri 15 in ta kai 50 tana neman ƙarin wuri fiye da kashi 10 cikin 100, ba ta da mafita, ga zafin kuma ya tausasa liƙin. Sai yadi ya ɗaye daga soso. Da dare ka kwanta ka ji ƙas-ƙas a ƙarƙashin kafaɗa, ka duba ka ga tulluwa. Ƙa'ida guda ce, kuma ba ta cin ko sisi: da ka tashi, buɗe bawul. Haka in za ka bar ta a mota, wadda cikinta kan haura digiri 60 in ta tsaya a ranar Maris ko Afrilu, ko a ɗakin kwano marar silin. Kada kuma ka taɓa kai ta wajen mai faci ya sa mata iskar injin taya, cikin ƙiftawar ido zai ɗaye ta.

A hanya, in da hali ta shiga cikin jaka. In dole sai a waje, to a cikin jakarta, a tsaye a gefe, ba a gicciye a sama ba inda kowace sarƙaƙiya za ta kama ta. A kan babur ka lura da salansa, taɓawa ɗaya ya isa ya narkar da yadi, kuma kada a ɗaure ta kusa da galan ɗin fetur. Ku masu karatun duwatsu kuna da naku haɗarin: bakin guduma, samfurin dutse mai kaifi, da 'yar kwalbar asid ɗin da kuke ɗiga wa dutse don gane farar ƙasa irin ta Ashaka. Waɗannan aljihunsu daban. Man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET yana cin roba da shafen yadi, don haka in ka shafa ka bari ya bushe, ka kuma shimfiɗa zani a kan katifar, wanda dama zai tare gumi ya hana bayanka manne wa yadin. Maganin sauro na kunnawa ya yi nesa da ita, haka wutar jin ɗumi, tartsatsi guda huda guda ne. Kada kuma abokai su ruɗe ka a bakin dam ɗin Dadin Kowa a ce a gwada ta a ruwa. Ba a yi ta don iyo ba, ruwan kuma akwai dorina.

Naɗewa sau biyu ake yi. Buɗe bawul, ka naɗo daga ƙafa kana bi da gwiwa, in ka kai ƙarshe ka rufe. Warware ta, za ka ga ta lafe, sai ka sake naɗewa a tsuke, iskar da ta rage ta taru a wajen bawul, ka buɗe ta fita, ka rufe. Kafin ka fara ka shafa ƙasanta da hannu, don ƙarangiya guda da aka naɗe a ciki tana iya huda wuri uku.

Wanki da ruwa da sabulu marar ƙarfi ne, a cike, bawul a rufe gam don kada ruwa ya shiga soso. Ban da bilic, ban da ruwan zafi, ban da buroshi mai tauri. A shanya a inuwa. A hunturu cikin ɗan lokaci ta bushe, danshin numfashin da ke ciki ma yana fita da kansa in ka bar bawul a buɗe. Da damina ne ake shan wahala, daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da katifar da aka naɗe da ɗan laima ke yin fumfuna cikin kwanaki. A lokacin ka rage hurawa da baki, in ka dawo gida kuma ka bar ta ta sha iska ka matse, ka maimaita sau da yawa don a sauya iskar ciki.

Ajiya ita ce inda masu tsabta ma suke kuskure, don suna ganin naɗe ta cikin jakarta shi ne adanawa. Soson da ya yi watanni a matse yana rasa ƙarfin tashi. A warware ake ajiye ta, bawul a buɗe, a wuri busasshe mai inuwa: a tsaye bayan sif, ko a ƙarƙashin gado in ɗakin ba ya rima kuma babu ɓera. Ka ɗaura ɗan ƙyalle a bakin bawul saboda ƙurar hunturu da kiyashi. In gidanku akwai yara, ka sa ta inda hannunsu ba ya kai, don babu abin da ke burge yaro kamar tsalle a kanta. In wuri ya yi maka ƙunci a ɗakin makaranta, naɗe ta sakwa-sakwa da bawul a buɗe ya fi matsewa.

Duk da haka wata rana za ta huje, kuma huda ba mutuwa ba ce. Cika ta da kyau, ka ninka don iska ta matsu, ka bi ta da ruwan sabulu da soso, sashe-sashe, ko ka riƙa nutsa ta a baho. Hudar ƙarangiya ƙarama ce ƙwarai, ba ta yin kumfa nan take, sai ka tsaya ka ga wani ɗan farin kumfa na taruwa a hankali a wuri guda. Zagaye wurin da biro. Kada ka tsaya a ta farko, inda ƙarangiya ta shiga da wuya ta bar huda ɗaya. In tsinin ya karye a ciki, ka cire shi da matsefata, in ba haka ba zai sake huda facin daga ciki. Bar ta ta bushe sarai, ka goge wurin da sifirit. Gam ɗin da ke kama wannan yadi shi ne irin Seam Grip ko Aquaseal, ka yi odarsa tare da katifar, ƙaramin bututu, don in an buɗe ba ya jimawa yake daskarewa. Ƙaramar huda ɗigo ɗaya ya ishe ta. Dabarar ita ce ka matse iskar katifar ka rufe bawul kafin ka ɗiga, soson na neman iska ta hudar, sai ya ja gam ɗin ciki ya toshe. Yagewa kuwa sai da faci: ka yanka shi da'ira ko ka zagaye kusurwoyinsa don kada su ɗago, ya wuce bakin yagewar da santimita biyu ta kowane gefe, ka shafa gam, ka ɗora, ka rufa leda, ka danne da abu mai nauyi ya kwana. Sa'a 8 zuwa 12 yake so kafin a hura. Facin nan mai manne kansa da ke zuwa cikin jakar wasu katifun yana kama yadi mai santsi, amma a kan mai gashi-gashi ba ya zama sai an haɗa da gam.

Mai facin bakin titi gwani ne a kan tayarsa, amma sholisho don roba aka yi shi, ba ya riƙe wannan yadi, facin wuta kuwa narkar da shi zai yi. Sufa gulu yana bushewa ya yi tauri ya tsage a naɗin farko, ya bar maka wurin da gam na gaskiya ba zai ƙara kamawa ba. Gam ɗin masu gyaran takalmi zai iya kai ka kwana biyu uku in babu yadda za a yi.

In kuma ka ji duk wannan ya yi maka yawa, ko kuɗin bai kai ba, akwai tabarmar soso mai rufaffun ƙofofi, wadda ba a hurawa, mai ninkewa ko naɗewa. Irin Z Lite ta Therm-a-Rest nauyinta wajen giram 400 ne, R ɗinta 2, ƙaya ta shige ta sau ɗari ba abin da zai same ta. Ba ta da laushin mai iska kuma tana cin wuri a bayan jaka, amma ga wanda zai riƙa sauya masauki kullum cikin ƙaya, ba shi da lokacin share wuri, ni ita zan ce ya ɗauka. Mai hali ya haɗa biyun, ta soso a ƙasa, mai iska a sama, lambar R ɗinsu tana haɗuwa, ta ƙasan kuma ta zama garkuwa.

Ranar da ta sace maka tsakar dare a Tula kuwa, kada ka tsaya neman huda da tocila. Ninka rigar sanyinka ka sa a ƙarƙashin ƙugu, ka kwana a kan soson. Da safe ka nemi wurin da ruwan sabulu, ka shanya ta a inuwa, ka ɗiga gam kafin ku fita fili, ka bar ta a shimfiɗe cikin tanti da dutse a kan facin. Kafin ku dawo da magariba ya kama.